Harshen Mai Bi da Mutuncin Matalauci: Darasi Daga Mubi

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-7, Nehemiya 5:1-13, Luka 16:19-31, Yakubu 2:1-9

Manufar darasi: Iyalin Kirista su gane cewa yadda ake maganar matalauta shi ke shirya zukatan jama'a, ko su miƙa hannu ko su juya baya, su kuma koyi faɗin gaskiya a kan talauci ta hanyar da za ta tsare mutuncin mutum, ta bayyana dalili, ta nuna mafita.

Gabatarwa

Kafin yaro ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, ya riga ya san abin da gidansu ke tunani game da matalauta. A bakin mahaifiyarsa yake jinsa, sa'ad da maƙwabciya ta aiko neman rancen mudun masara. A bakin mahaifinsa yake jinsa, bayan mai roƙo ya juya baya. Idan abin da yake ji kullum shi ne “zuciyarsu ce ta mutu,” to, da wannan zai girma. Wata rana shi ne zai zama dattijon ikilisiya, ko kansila, ko shugaban makaranta, kuma da ra'ayin nan na ƙuruciya zai yanke shawara a kan marasa hali.

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Abin da ake kira ra'ayin jama'a a gidaje ake dafa shi, da kasuwa, da bagadin wa'azi. Inda aka amince cewa talauci laifin matalauci ne, ba wanda zai damu da tsadar taki ko da asibitin da ba magani. Inda aka gane dalilansa kuwa, mutane sukan tashi su yi wani abu. Tarihin garin Mubi na shekarun baya ya nuna wannan a fili.

Abin da ya faru a Mubi

Mubi gari ne na kasuwanci da ilimi a arewacin Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Daga kasuwarsa ta shanu ake lodin dabbobi zuwa kudancin Nijeriya, a cikinsa kuma akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. A watan Satumba na 2014, da Boko Haram ta kama Michika, mutanen Mubi ne suka karɓi waɗanda suka gudo. Ran 29 ga Oktoba na wannan shekara sai garin da kansa ya faɗa hannun maharan. A ranar ce kuma suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, har shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Kirista da Musulmi suka watse, waɗansu kan duwatsu, waɗansu Kamaru, waɗansu suka nufi Yola da ƙafa. Lokacin kaka ne, aka bar dawa da wake a gona.

Cikin kwana ɗaya mai masauki ya zama baƙo. Mai shago da malamin jami'a da dillalin shanu da ƙaramin manomi suka tsaya a layi ɗaya suna jiran abinci. Ba wanda ya kira su ragwaye, domin kowa ya ga abin da ya kore su. Saboda haka taimako ya zo da sauri. Mafi yawan masu gudun, a gidajen jama'a suka sauka, ba a sansani ba. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Katolika ta Saint Theresa a Yola ga dubban mutane. Shugabannin Kirista da na Musulmi suka haɗa kai da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, suka yi watanni suna raba hatsi.

A tsakiyar Nuwamba na 2014 mafarauta da 'yan banga da sojoji suka ƙwato Mubi. Waɗanda suka koma sun tarar da shaguna a fashe, rumbuna ba kome, jari ya tafi. Talaucinsu bai ƙare ba, sai dai dalilinsa ya daina bayyana ga ido. Da shekaru suka shuɗe, wanda aka tausaya wa jiya ya soma jin ana cewa ya saba da karɓa. Mata da 'yan mata da suka kuɓuta daga hannun maharan sun sha abin da ya fi haka. Wani rahoto da hukumar UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna cewa a waɗansu wurare a Jihar Borno ana kiransu “annoba.” Aikin mayar da irin waɗannan mata cikin jama'arsu yana cikin abin da ya sa aka ba Dokta Rebecca Dali, wadda ta kafa cibiyar CCEPI, lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janiba a 2017.

Mutum ɗaya ne, bukatarsa ɗaya ce. Abin da ya bambanta jiya da yau shi ne labarin da ake bayarwa a kansa.

Maganganun da ke rufe zuciya

Ta fari ita ce maganar ɗora laifi. Gaskiya ne Littafin Karin Magana ya tsauta wa rago (6:6-11), Manzo Bulus kuma ya gargaɗi masu ƙin aiki (2 Tasalonikawa 3:10). Amma littafin nan na Karin Magana ya nuna cewa gonar matalauci takan ba da amfani, rashin adalci ya share shi (13:23). Annabi Amos ya yi magana a kan 'yan kasuwa masu rage mudu (8:4-6), Yakubu kuma a kan masu gona da ke danne hakkin 'yan ƙodago (5:4). Mai bi da ya riƙe ayoyin ragwanci kaɗai, rabin koyarwar ya ɗauka.

Ƙididdiga ma tana ƙaryata wannan magana. A 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya, wato mutum kusan miliyan 83, ba sa iya kashe naira 137,430 a shekara, abin da bai kai naira 377 a rana ba. A Jihar Adamawa adadin ya kai kashi 75 cikin 100. Duk wanda ya ga hanyoyin gona da asuba a Mubi ko Maiha ko Hong ya san ba zai yiwu a ce mutum uku cikin huɗu ragwaye ne ba.

Ɗora laifi yakan sa rigar addini. Akwai wa'azin da ke koyar da cewa rashi alamar ƙarancin bangaskiya ne ko la'anar gado. Abokan Ayuba sun yi irin wannan lissafi, Allah kuwa ya tsauta musu (Ayuba 42:7). Almajiran Yesu ma sun nemi sanin wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Ubangiji bai yarda da tushen tambayar ba (Yahaya 9:1-3).

Ta biyu ita ce maganar sallamawa: “haka Allah ya yi shi,” “ba yadda za a yi.” Masu wannan magana sukan jingina ga Markus 14:7, inda Yesu ya nuna ba za a rasa matalauta ba. Sai dai Yesu yana tuna wa masu jinsa Maimaitawar Shari'a 15:11 ne, ayar da ta ƙare da umarnin a buɗe hannu ga ɗan'uwa mabukaci. A cikin surar nan ne aka kafa dokar yafe bashi kowace shekara ta bakwai. Ayar da aka ba da domin a tashi a yi aiki, bai kamata a mai da ita matashin kai ba.

Ta uku ita ce tausayi mai kunyatarwa. Akan kira gwauraye gaban taro, a ɗora musu ƙullin shinkafa a ka, a ɗauki hoto, kafin yamma ya shiga Facebook. Mai bayarwa ya sami yabo, mai karɓa ta koma gida 'ya'yanta suna sunkuyar da kai a makaranta. Yesu ya hana busa ƙaho a kan sadaka (Matiyu 6:1-4), Bo'aza kuma ya umarci masu girbinsa kada su kunyata Rut sa'ad da take kala (Rut 2:15-16). Shelar rabo ga babban taro tana da wani haɗari kuma. A watan Disamba na 2024 yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan, bayan kwana uku mutum 10 suka mutu a wata majami'a a Abuja, 22 kuma a Okija ta Jihar Anambra, dukansu a wuraren rabon kyauta.

Duniya ma ta ga ƙarshen irin wannan tausayi. Hotunan yunwar Habasha na 1984 sun tara kuɗi masu yawa a Turai da Amurka, an kuma ceci rayuka. Amma a 2002 ƙungiyar VSO ta Ingila ta gano cewa kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar, idan an ambaci ƙasashe masu tasowa, yunwa da bala'i da jiran agaji ne ke zo musu a rai. Kuɗin sun ƙare, hoton ya zauna.

Abin da masu bincike suka gano

Masana sun gwada hanyoyin ba da labarin talauci domin su ga wadda ke motsa mutane. A wani gwaji da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an ba waɗansu mutane labarin wata yarinya 'yar shekara 7 daga ƙasar Mali, waɗansu kuma aka ba su adadin miliyoyin masu fama da yunwa a Afirka. Waɗanda suka ji labarin yarinyar sun ba da fiye da ninki biyu na abin da sauran suka bayar. Lamba ita kaɗai ba ta taɓa zuciya. A 2022 an sanar cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, amma mutane ƙalilan ne wannan adadi ya hana barci.

Labarin mutum ɗaya ma yana da tasa matsala. Shanto Iyengar, a binciken da ya wallafa a Amurka a 1991, ya nuna cewa idan talabijin ta nuna matalauci shi kaɗai, masu kallo sukan ɗora masa alhakin halinsa. Idan kuwa aka nuna yanayin da ke kewaye da shi, kamar rashin aikin yi a ƙasa, sukan ga alhakin jama'a da hukuma.

A 2018 Gidauniyar Joseph Rowntree da cibiyar FrameWorks suka fitar da sakamakon bincike a kan yadda mutanen Birtaniya ke fahimtar talauci. Sun ga cewa jera munanan alkaluma yakan sa mutane su fid da rai, maimaita ƙarya kuma domin a ƙaryata ta yakan ƙara kafa ta a zuciya. Abin da ya fi tasiri shi ne a fara da abin da mai sauraro ya riga ya yarda da shi, wato jinƙai da adalci, a bayyana yadda tsadar rayuwa da ƙarancin albashi ke ɗaure mutum, sa'an nan a nuna abin da zai kwance shi.

In an haɗa waɗannan, abu uku ake bukata tare: mutum, dalili, da mafita. Mutum ba dalili yakan jawo zargi. Dalili ba mutum yakan bar zuciya a sanyaye. Dukansu biyu ba mafita sukan kawo fid da zuciya.

Yadda bayin Allah suka yi magana

Annabi Natan ya san haka tun da daɗewa. An aike shi wurin sarki mai iko wanda ya yi zalunci. Sai ya kawo labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa. Ga mutum ke nan. Ya nuna kuma yadda mai arziki ya bar garkensa ya ƙwace ta domin ya yi wa baƙonsa liyafa. Ga dalili. Dawuda, wanda dā makiyayi ne, ya husata, ya yanke hukuncin a biya ninki huɗu, kafin Natan ya nuna masa cewa shi ne mai arzikin. Natan bai kawo wa sarki sabuwar ƙa'ida ba. Adalcin da ke cikin zuciyar Dawuda ya farkar.

A Nehemiya 5 matalauta ne da matansu suka yi magana da bakinsu. Sun faɗi dalilai filla-filla: yunwa ta sa sun jinginar da gonaki domin hatsi, sun ci bashi domin harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Hujjarsu ita ce jininsu ɗaya da masu binsu bashi. Nehemiya ya kira babban taro, ya sa kansa cikin masu ba da rance, ya kuma faɗi abin da za a yi a ranar: a mayar da gonaki da gidaje, a daina karɓar ruwa. Aka yi alkawari a gaban firistoci, aka kuwa cika.

A cikin dukan misalan da Yesu ya bayar, mutum ɗaya ne ya raɗa wa suna, shi ne Li'azaru, matalaucin da ke kwance a ƙofar mai arziki. Mai arzikin ba a faɗi sunansa ba. A duniya akasin haka ake yi: ana sanin sunan mai bayarwa, masu karɓa kuwa “mabukata” ne kawai.

Wannan hanya ta yi aiki a ƙasar Adamawa. A shekarun 1970 shirin kiwon lafiya na karkara da aka kafa a Garkida, wanda aka sani da suna Lafiya, ya horar da ma'aikatan da ƙauyuka suka zaɓa su koyar da tsabta da rigakafi ta wurin labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo. Labarin yakan nuna mutum irin na ƙauyen, da abin da ya kawo ciwon, da abin da za a yi. Mutane suka riƙa maimaita labaran a gida, abin da ba sa yi da lacca.

A gida da majami'a

A ɗauki misalin sanarwa iri biyu a ranar Lahadi. Ta farko ta ce, “Akwai matalauta a cikinmu, a taimaka musu.” Za a sami ɗan baiko, a manta. Ta biyu ta bayyana cewa ƙananan manoma sukan sayar da wake da masara da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, domin su biya kuɗin makaranta da bashin taki, sa'an nan su koma sayen hatsin nan da tsada a tsakiyar damina, lokacin da aikin gona ya fi bukatar ƙarfi. Ta ƙara da cewa idan ikilisiya ta kafa rumbun tsimi, ta sayi buhuna da kaka ta sayar da sauƙi a watan Agusta, gidaje da yawa ba za su ci bashi ba. Mai jin wannan ya san inda ramin yake, ya kuma san abin da mudunsa zai yi.

Haka ma iyaye za su iya yi wa yara bayani. Idan yaro ya tambayi dalilin da ya sa aka kori abokinsa daga makaranta saboda kuɗi, amsar gaskiya tana iya zama ciwon da ya cinye jarin gidan, ko gonar da aka bari a 2014, ko tsadar mota da abinci da ta biyo bayan cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023. Sai a bi bayanin da tambayar abin da gidan zai iya yi.

Kalmomi ma suna bukatar lura. “Matsiyaci” da “cima-zaune” hukunci ne. “Maƙwabcinmu da gobara ta cinye shagonsa” bayani ne. Kada a ba da labarin wani ko a ɗauki hotonsa sai da yardarsa, kada kuma a nuna rashinsa a ɓoye ƙoƙarinsa. Gwauruwar da ke neman taimakon kuɗin makaranta ita ce kuma mai suyar ƙosai tun asuba, mai zubin adashi a zumuntar mata.

Ya kamata a riƙa ba da labarin abin da ya yi nasara, domin mutane su san talauci yana da magani. A watan Afrilu na 2021 aka buɗe gidaje 86 da Bishop Mamza ya gina a Sangere-Marghi kusa da Yola domin iyalan da suka daɗe a harabar majami'a, tare da makaranta da majami'a da masallaci. Irin wannan labari yana kashe maganar “ba yadda za a yi.”

Abu mafi muhimmanci shi ne a bar matalauta su yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka yi gunaguni cewa ana manta gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su kāre kansu ba. Sun sa a zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa masu sunayen Helenanci ne (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Joseph Wresinski, limamin Katolika da ya tashi cikin talauci a Faransa, ya tara jama'a a Paris ran 17 ga Oktoba, 1987, domin a saurari matalauta da kansu. A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar ta zama ranar yaƙi da talauci ta duniya. Kwamitin jinƙai na ikilisiya da ba gwauruwa ko ƙaramin manomi a cikinsa zai riƙa amsa tambayoyin da ba a yi masa ba.

Kammalawa

Sa'ad da Bulus yake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, bai zana su kamar abin tausayi ba. Ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar cikin tsananin rashi, ya kuma tuna wa Korintiyawa cewa yalwarsu ta yau za ta biya bukatar waɗansu, gobe kuwa yalwar waɗancan ta biya tasu (2 Korintiyawa 8:1-15). Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mutanen Mubi da suka sauki baƙi a Satumba suka nemi masauki a Oktoba sun san haka. Mai bi da ya gane wannan zai yi maganar matalauci yadda zai so a yi tasa a ranar da hannunsa ya kasa.

Tambayoyi domin sujadar iyali

1. Waɗanne kalmomi ne aka saba kiran matalauta da su a wannan gida da wannan unguwa? Wanne ne hukunci, wanne ne bayani?
2. Me ya sa Natan ya fara da labari maimakon zargi?
3. Waɗanne dalilan talauci ne mutane suka faɗa a Nehemiya 5? Waɗanne ne ake gani a yau?
4. Bisa ga Yakubu 2:1-9, ina marasa hali suke zama a majami'a, su wa kuma ake ba dama su yi magana?
5. Ta yaya za a raba taimako ba tare da an kunyata mai karɓa ba?

Abin addu'a

A yi addu'a domin iyalan Mubi da Michika da Madagali da ba su gama farfaɗowa ba. A roƙi Ubangiji ya tsare bakin iyaye a gaban 'ya'yansu, ya ba masu wa'azi hikimar Natan, ya ba shugabanni ƙarfin halin Nehemiya.